Faranti ɗaya ko uku: me ya sa keken dutse mai giya 12 ya fi mai giya 21 tsada?

Duk wanda ya leƙa wurin masu sayar da kekunan gwanjo a Kumasi kwanan nan ya ga abin da ke ɗaure wa masu saye kai. Ga kekunan hawan dutse guda biyu a jingine, irin waɗanda muke ce wa maunten a Zango. Na farko yana da faranti uku a wurin feda, an manna masa lamba a jiki cewa giya 21 gare shi. Na biyu farantinsa ɗaya tak, ɗan ƙarami, a tayar baya kuwa ga wani faifai mai faɗi kamar murfin tukunya, giyarsa 12. Da an tambayi kuɗi sai mai kaya ya ce na biyun ya fi tsada, nesa ba kusa ba. Nan take mai saye zai ce, "Haba maigida, wannan ai an cire masa kaya. Ta yaya 12 za ta fi 21?"

A ɗaya gefen kuma ga samarinmu masu kallon tseren keke a YouTube. Sun lura gwanayen da suke gani ba sa hawa da faranti uku, sai su kai nasu wurin fita, wato mai gyaran keke, a unguwar Aboabo ko Asawase su ce a kwance musu biyu a bar ɗaya, wai keken ya zama na zamani. Kafin mako ya zagayo ka gan su suna tura shi da hannu a hawan da a da suke haurawa a zaune.

Mai sayen nan da saurayin nan kuskure ɗaya suka yi. Dukansu farantai suke ƙirgawa, alhali abin ƙirgawa yana bakin farantin.

Haƙora ake ƙirgawa

Farantin gaba shi ne wanda ƙafa ke juyawa. Kaca ta ɗauki wannan juyin ta kai shi faifan baya, faifan ya juya taya. Idan farantin gaba yana da haƙori 32, faifan baya 16, duk juyin ƙafa ɗaya taya za ta juya sau biyu. Idan 32 ne gaba 32 baya, juyi ɗaya za ta yi. Wato a raba haƙoran gaba da na baya, abin da ya fito shi ne nauyin giyar. Lamba babba tana nufin gudu da nauyi a cinya, ƙarama kuma sauƙin hawan tudu.

Tarin faya-fayan da ke tayar baya iri biyu ne, kuma bambancin zai yi mana amfani nan gaba. Akwai firiwil, wanda ake murɗa shi gaba ɗaya a jikin cibiyar taya kamar murfin kwalba, shi ne a kan yawancin kekuna masu araha. Akwai kuma kaset, wanda ake zura faya-fayansa a kan wani gwangwani mai tsaga-tsaga da ke haɗe da cibiyar. Na'urar da ke ture kaca daga wannan faifai zuwa wancan ita ce direla, akwai ta baya, akwai ta gaba. Idan ka ga an rubuta 3x7, faranti uku ne gaba, faifai bakwai baya. 1x12 kuwa ɗaya gaba, goma sha biyu baya.

Tambaya biyu kawai ya kamata a yi wa kowane keke: giyarsa mafi sauƙi wane irin sauƙi gare ta, kuma mene ne tazarar da ke tsakaninta da mafi nauyi?

Mu ɗauki keken nan mai giya 21. Galibinsu farantansu haƙori 42 ne da 34 da 24, firiwil ɗin kuma daga 14 zuwa 28. Mafi nauyi ita ce 42 a kan 14, wato 3. Mafi sauƙi 24 a kan 28, kusan 0.86. Tazarar ninki uku da rabi ke nan. Keken mai giya 12 kuwa, farantinsa 32, kaset ɗinsa daga 10 zuwa 51. Mafi nauyi 3.2, mafi sauƙi kusan 0.63, tazara ta haura ninki biyar. To ga amsar mai saye: mai 12 ya fi mai 21 gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ya kuma fi shi sauƙi a tudu. Ba a cire masa komai ba, an mayar da aikin gaba zuwa baya ne.

Sai dai kada a yi saurin yanke hukunci, don ba duk faranti uku ne ɗaya ba. Akwai tsofaffin kekuna masu nagarta da suka cika kwantenonin gwanjo, masu faranti 44 da 32 da 22, kaset mai faifai tara daga 11 zuwa 34. Mafi nauyinsu 4 ce cif, mafi sauƙi kusan 0.65. Tazararsu ta wuce ninki shida, ta fi ta sabon keken. A kan taya mai inci 26, wadda ke cin kusan mita 2.07 a juyi guda, mai wannan keke zai iya tafiya mita 1.3 a juyin ƙafa ɗaya in yana hawa, ko mita 8.3 in ya samu kwalta. Mai 1x12 a kan taya inci 29 tsakanin mita 1.4 ne da 7.4. Mai giya 21 ɗin nan kuma tsakanin 1.8 da 6.2.

Giya 27 ba 27 ba ce

Lambar da ake mannawa a jikin keke lissafin sau ne kawai, uku sau tara. A aikace da yawansu maimaici ne. Kaset ɗin da na ambata haƙoransa su ne 11, 13, 15, 17, 20, 23, 26, 30, 34. Ɗora kaca a faranti 44 da faifai 30, sannan ka ɗora ta a 22 da 15: giya ɗaya ce sak, ko ƙwayar gero babu tsakaninsu. Haka 44 da 26 daidai take da 22 da 13. Haka 44 da 34 daidai take da 22 da 17. Ita kuma 44 da 15 ƙafa ba za ta iya bambanta ta da 32 da 11 ba.

Ban da maimaici akwai waɗanda bai ma kamata a taka su ba. Babban faranti da babban faifai, ko ƙarami da ƙarami, suna karkatar da kaca ta tafi a gicciye, tana gogar direlar gaba tana ƙara, tana cin kanta. Idan aka zubar da waɗannan duka, abin da ya rage bai fi na keke mai faranti ɗaya yawa sosai ba. Shi 1x12 giyarsa goma sha biyu ce, kowace daban, a jere kamar matakala.

Yadda aka kai ga faranti ɗaya

Keken dutse a jihar Kalifoniya ta Amurka aka ƙirƙiro shi a shekarun 1970, kuma Stumpjumper na kamfanin Specialized, wanda ya fito a 1981, yana cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. A lokacin faifai biyar ne a baya, tazararsu kaɗan, don haka ba yadda za a hau dutse sai an ƙara farantai a gaba. Faranti uku magani ne na ƙarancin da ke baya. Haka aka tafi kusan shekara talatin, ana ƙara faifai ɗaya bayan ɗaya, har SRAM, kamfanin ƙera kayan keke, ya fitar da tsarin 2x10 a 2009 aka fara ajiye faranti na uku.

Abin da ya hana a koma faranti ɗaya tun da wuri shi ne faɗuwar kaca. Direlar gaba, duk da ƙorafin da ake yi da ita, tana tsare kaca kamar shinge. Cire ta, ka faɗa rami, kaca ta yi tsalle ta sauka. Matsalar ta warware ne ta hanya uku da suka zo kusan lokaci guda. A 2011 kamfanin Shimano ya sa wa direlar baya wani ɗan birki a ciki, kulochi, wanda ke hana hannunta lilo, kaca ta zauna a ɗaure ko ana gudu a kan duwatsu. A 2012 SRAM ya fitar da XX1, mai faranti ɗaya da kaset faifai 11 daga haƙori 10 zuwa 42, tare da faranti mai wani irin haƙori na dabam.

Wannan haƙorin ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne sirrin da samarinmu ba su sani ba. Duba kaca da kyau za ka ga ramukanta ba girma ɗaya ba ne: mai faɗi, matsattse, mai faɗi, matsattse. Farantin da aka saba da shi duk haƙoransa sirara ne, don su shiga kowane rami, saboda haka a rami mai faɗi kacar tana da wurin yin wasa. Sabon farantin haƙoransa kauri da siriri ne bi da bi, kowane ya cika raminsa, kaca ta kama kamar an ɗinke ta. Shi ya sa adadin haƙoransa ba ya zuwa da mara, sai 28, 30, 32, 34. Shi ya sa kuma ba a iya amfani da shi a keke mai faranti biyu ko uku, domin ba zai saki kaca ta koma wani farantin ba.

Sauran aikin faɗaɗa kaset ne. A 2016 SRAM ya kawo Eagle, faifai 12 daga 10 zuwa 50. Shimano ya biyo baya a 2018 da XTR mai 10 zuwa 51, sannan a 2020 ya sauko da tsarin zuwa Deore, wanda matsakaicin mai saye ke iya kaiwa. Kekunan waɗancan shekarun ne yanzu Turawa ke sauyawa, su ne suke biyo jirgin ruwa zuwa tashar Tema su iso hannunmu.

Abin da faranti ɗaya ya fi

Wanda ya taɓa gangarawa tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, ya bar kwaltar Abono ya bi hanyoyin gona da ke zagaye da ruwan, ya san yadda ƙasa ke sauya fuska cikin taku goma. Gangara, kwazazzabo, sai hawa a tsaye. A irin wannan wuri babu lokacin tunanin wane faranti nake kai, wane zan koma. Babban yatsa ɗaya, maɓalli ɗaya: danna nan ta yi sauƙi, danna can ta yi nauyi. Canjin gaba kuwa shi ne mafi taurin kai a keke, don yana faruwa ne a sashen kaca na sama, wanda ƙafa ke ja da ƙarfi. A tsakiyar hawa, daidai lokacin da ake buƙatarsa, a nan yake ƙin shiga ko ya jefar da kaca tsakanin faranti da firam.

Ga kuma laka. Jar ƙasarmu in ta sha ruwan damina tana kama direlar gaba ta daskare a wurin. Keken da ba shi da ita ya huta da wannan, ƙasansa kuma ya fi nisa da dutse da kututture tunda babu faranti mai haƙori 44 da ke rataye. Masu ƙera firam su ma sun samu sarari, suka faɗaɗa taya, suka sauya wurin zaman sifirin na baya. Wannan ne dalilin da ya sa sababbin firam da yawa ba su da ma wurin ɗaura direlar gaba, abin da mai saye ya kamata ya sani: in ka sayi irinsu babu komawa faranti biyu.

Maganar rage nauyi da ake yawan yi ban ba ta muhimmanci ba. An cire faranti biyu da direla da waya, amma kaset mai haƙori 51 na matsakaicin farashi ya haura rabin kilo.

Inda kuɗin yake ɓuya

A nan ne nake ganin ana cutar mutanenmu, ba da ƙarya ba, da shiru. Mai kaya zai faɗa maka farashin keke, ba zai faɗa maka farashin riƙe shi ba.

Don a cusa faifai 12 a wurin da bakwai ko takwas suke zama, dole aka matse komai. Kacar giya 7 ko 8 faɗinta ya ɗan haura milimita 7, ta giya 12 kuwa milimita 5 da ɗan ɗori. Tazarar da ke tsakanin faifai da faifai ta ragu, don haka ƙaramar lanƙwasa a kunnen da direla ke rataye a kai ta isa ta rikita canji gaba ɗaya. Mu kuwa kekunanmu ana cusa su a but ɗin tirotiro, ƙananan motocin haya, ana jibga su a bayan aboboya, babur ɗin kaya mai taya uku, suna faɗuwa a ƙofar masallaci in iska ta kaɗa. Tsohon keke mai faifai bakwai zai jure wannan, fita ya miƙe kunnen da ido ya ci gaba da aiki. Mai 12 yana son a auna shi da ma'auni.

Sannan kayan ba sa shiga juna. Gwangwanin da kaset ke zama a kai iri uku ne a kekunan dutse yanzu: tsohon na Shimano da ake kira HG, na SRAM mai suna XD, da sabon na Shimano, Micro Spline. Faifai mai haƙori 10 ya yi ƙanƙanta ga tsohon gwangwanin, shi ya sa aka ƙirƙiro sababbin. Ka sayi kaset ɗin da ba na gwangwaninka ba, kuɗinka ya tafi. Kacar giya 7 da firiwil kusan kowane mai gyaran keke yana da su a rataye. Na giya 12 sau da yawa sai an aika Accra, ko a jira ɗan uwa mai dawowa daga waje, farashinsu kuma dala yake bi, ba sidi ba.

Yanayinmu ma ba ya tausaya wa kaca. Ƙurar hunturu daga Disamba, lakar damina biyu a shekara, ga al'adar shafa baƙin man mota wanda ke tara yashi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Kaca in ta ci, tana tsawo, in ta yi tsawo sai ta cinye haƙoran kaset da faranti. Ana iya gane hakan da tef ɗin tela: a sabuwar kaca, daga ƙusa ɗaya zuwa ta 24 a gabanta inci 12 ne cif. In ta ƙaru da milimita ɗaya da rabi, kacar giya 11 ko 12 ta isa canji. Ta tsofaffin kekuna tana iya ɗan wuce milimita biyu. Wanda ya yi sakaci a keke mai firiwil asararsa kaɗan ce. Wanda ya yi a kan kaset mai faifai 12 zai ji a jikinsa.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: mai hawa faranti ɗaya a cikin gari kusan kullum yana kan ƙananan faya-fayai, 10 da 12 da 14, tunda farantin gabansa ƙarami ne. Haƙora kaɗan ke ɗaukar duk nauyin, su suke fara cinyewa alhali manyan suna nan sababbi, wani kaset ɗin kuma a dunƙule yake, sai an sake shi baki ɗaya. Tsallen da ke tsakanin 10 da 12 ma kashi 20 cikin ɗari ne, ƙafa tana jin sa a doguwar kwalta: wannan ta yi nauyi, waccan ta yi sauƙi, babu ta tsakiya.

Me ke faruwa in aka kwance biyu aka bar ɗaya

Mu koma kan saurayinmu da kekensa mai giya 21. An bar masa farantin tsakiya mai haƙori 34, firiwil yana nan yadda yake, 14 zuwa 28. Giyarsa mafi sauƙi ta tashi daga mita 1.8 a juyi zuwa mita 2.5. Mafi nauyi ta sauko daga 6.2 zuwa 5, wato ko yana juya ƙafa sau 80 a minti ba zai wuce kilomita 24 a awa ba. Tazarar da ta kasance ninki uku da rabi ta koma ninki biyu. Ya rasa sama, ya rasa ƙasa, garin neman gira ya rasa ido. Farantin tsakiya kuma an sassaƙa haƙoransa ne musamman don su saki kaca cikin sauƙi, ga shi an cire shingen da ke tare ta, ga direlar baya ba kulochi. Kowane rami a hanyar Sawaba sai ya sauka ya mayar da kaca da hannu.

In ana son a yi abin yadda ya dace, sai an sami taya mai gwangwanin kaset, kaset mai faɗi aƙalla 11 zuwa 42, direlar da za ta iya hawa wannan babban faifan, maɓallinta, sabuwar kaca, da faranti mai haƙori kauri da siriri. A kekuna masu araha farantan ma a like suke da ƙusa, ba sa rabuwa, sai an sauya hannun feda duka. In aka tara kuɗin, yakan tasam ma kuɗin keken kansa.

Akwai gyara mafi sauƙi da na fi so a riƙa ba mutane shawara a kai. Wanda matsalarsa tudu ce, Shimano yana da firiwil mai faifai bakwai da ke kaiwa haƙori 34. Da faranti 24 a gaba, giyarsa mafi sauƙi za ta sauko zuwa kusan mita 1.5, dab da ta keken zamani, ba tare da an taɓa farantan gaba ba. Wanda kuma direlar gaba ce ta ishe shi, galibi waya ce ta yi tsatsa a cikin rigarta, ko kusoshin iyaka guda biyu masu alamar L da H ba a saita su ba. Aikin rabin awa ne a hannun fita da ya san abin da yake yi.

Wane ne ya dace da wanne

Kumasi gari ne na tudu da gangare, kuma yawancin masu maunten a Zango ba don wasa suke hawa ba. Mai kai kaya kasuwar Kejetia ne, ɗalibi ne, mai gadi ne da ke tafiya aiki Suame da asuba, uba ne da ya ɗora yaro zuwa makarantar allo. Irin wannan mahayi yana buƙatar giya mai sauƙi don kaya, mai nauyi don kwalta, da kayan gyaran da zai samu yau ba wata mai zuwa ba. A ganina faranti uku ko biyu ne nasa, kuma tsohon 3x9 mai lafiya ya fi masa sabon 1x12 da ba a san tarihinsa ba. Faranti biyu, 36 da 26 da kaset 11 zuwa 42, tazararsa ma ta ɗan fi ta 1x12.

Wanda kuwa yake fita daji da gaske, Bosomtwe ko tsaunukan Kwahu, yana kuma da halin sauya kaca a kan lokaci, faranti ɗaya zai ba shi abin da uku ba za su ba shi ba, kuma ba na jin zai so ya koma. Tsakanin biyun akwai tsarin faranti ɗaya mai faifai 9 ko 10, irin Advent na microSHIFT mai 11 zuwa 42 da Advent X mai 11 zuwa 48, ko CUES da Shimano ya fitar a 2023 da nufin kayan su daɗe. Duk suna zama a tsohon gwangwanin HG, sun kuma fi haƙuri da ƙura da lanƙwasa.

Wanda zai sayi mai faranti ɗaya a gwanjo, ya durƙusa ya ƙirga haƙoran babban faifai da kansa, domin akwai masu tsayawa a 36 ko 40, waɗanda ba za su haurar da shi tudu da kaya ba. Ya duba ƙananan faya-fayan, in haƙoransu sun yi tsini sun karkace gefe ɗaya kamar ƙaya, kaset ɗin ya gama aiki. Ya tura hannun direlar baya gaba da yatsa, in ya tafi sakwaf babu turjiya, ko dai an kashe kulochin, ko ya mutu, ko babu shi tun asali. Sannan kafin ya biya, ya je wurin fitan unguwarsa ya tambaye shi, "Masa, kana iya samo mini kacar wannan?" In ya ce sai an yi oda, a lissafa kuɗin kaca biyu a cikin farashin keken kafin a fara ciniki.